Jirginmu ya zarce fili, sunana kuma ba ya cikin takardar fasinja

Duk wanda ya zo duba ni tambayarsa ɗaya ce: yaya aka yi jirgin ya faɗi? Ni kuma sai in ce ai bai faɗi ba, sauka ya yi, tsayawar ce ta gagara. Wannan ɓangaren bai fi daƙiƙa 20 ba. Abin da ya biyo baya shi ya cinye min wata bakwai, kuma kusan rabinsu ni na jawo wa kaina, don ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi daki-daki, ko Allah zai sa wani ya huta da irin zirga-zirgar da na sha.

Ni yaron wani Alhaji ne a kasuwar Dawanau, harkar riɗi da zoɓo muke yi. Wajen ƙarshen bazara wasu baƙi biyu masu sayen kaya suka zo daga waje, suna so su ga wata babbar gona a wata jiha da ke maƙwabtaka da mu, inda Alhaji yake ɗauko kaya. A mota tafiyar wuni ce, hanyar kuma ba wadda ake son bi da baƙi ba ce. Gonar tana da ɗan filin saukar jirgi na jar ƙasa, sai aka ɗauki hayar ƙaramin jirgi mai farfela wanda kujerunsa ba su kai goma ba. Da ma Alhaji da babban ɗansa ne za su raka su. Da asuba zazzaɓi ya kwantar da ɗan, Alhaji ya buga min waya ya ce, "Shirya ka same ni a filin jirgi, kai za ka je maimakonsa." Na isa a gurguje. Wani ma'aikacin kamfanin ya duba takardar hannunsa, ya ƙirga kawunanmu, ya ga huɗu ne kamar yadda aka rubuta, ya ce bismillah. Ban tambaya ko an canza sunan ba, don ban ma san abin tambaya ba ne.

An shirya tashi da safe, amma jiran baƙin ya kai mu har bayan sha biyu, rana ta take sosai. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa gonar ba mu cika awa ɗaya a sama ba. Ta taga na hango filin, kamar an ja jan zare a tsakiyar gonaki. Matuƙin bai zaga ba, kai tsaye ya nufe shi. Na ga bakin filin ya wuce ta ƙarƙashinmu, na ga wata rumfar kwano ta wuce, na ga mutanen da suka zo tarbarmu sun wuce suna ɗaga hannu, mu kuwa har yanzu muna shawagi. Sai da muka ci kusan rabin filin tayoyi suka taɓa ƙasa. Ya taka birki, jirgin ya fara sulɓi kamar adaidaita sahu a taɓo, ashe an ɗan yi ruwan farko a daren. A ƙarshen filin akwai wata magudanar ruwa. Tayar gaba ta faɗa ciki ta karye, hancin jirgin ya kafe a ƙasa, farfela ta lanƙwashe, sai tsit. Abin da na fara gani shi ne hular Alhaji tana birgima tsakanin kujeru, shi kuma yana ta salati. Sai warin mai, sai muryar matuƙi yana cewa mu kwance bel mu fita mu yi nisa. Ban san wuyan hannuna na hagu ya karye ba sai da na yi ƙoƙarin tura ƙofa. Da shi na dafe bayan kujerar gabana.

Matakin farko a nan gonar ya fara, ban ma san mataki ba ne. Manajan gonar, cikin kyakkyawar niyya, ya sa an kawo tarakta da sarƙa za a janyo jirgin. Matuƙin ya tare su, ya ce kada wanda ya taɓa ko da ƙusa ɗaya sai masu bincike sun zo sun ba da izini, in ba ceton rai za a yi ba. A lokacin na ɗauka tsabar tsoron iyayen gidansa ne, daga baya na gane ƙa'ida ce. Jakata ma a ciki na bar ta, sai bayan kwana biyar ta dawo hannuna. Ina zaune a gindin wata darbejiya muna jiran mota, na ciro waya da hannu ɗaya na ɗauki hotuna: jirgin, sawun tayoyi a kan jar ƙasa, da wani hoto da na ɗauki kaina da jirgin a bayana don in tura wa matata ta kwantar da hankali. Wannan hoton na ƙarshe, wanda na ɗauka kamar wasa, ya fi takardu da yawa yi min amfani.

Mun shigo Kano bayan isha'i. Kafin in isa gida Hajiyarmu ta riga ta aika a kira mai ɗorin unguwa, wanda shi ya ɗora kusan duk wanda ya taɓa karyewa a gidanmu. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta tsaya kai da fata ta ce, "Yaya, wallahi asibiti za mu." Hajiya ta ji haushi, amma muka wuce Asibitin Ƙashi na Dala. Aka yanki kati, aka ɗauki hoton ƙashi, aka gyara aka sa siminti. Da likita ya tambayi abin da ya faru, saura kaɗan in ce faɗuwa na yi, don gudun dogon zance da tambayoyin 'yan sanda. Ƙanwata ta riga ni, ta ce haɗarin jirgin sama ne, likitan ya ɗago ya kalle ni, sannan ya rubuta haka da kwanan wata da lokaci. Ba raina ɗorin gargajiya nake yi ba, amma mai ɗori ba ya ba da takarda, kuma duk ofishin da na shiga daga baya takarda aka tambaye ni. A daren an kashe abin da ya kai naira 60,000, Alhaji ne ya biya da tsabar kuɗi ta hannun direbansa, rasit biyu kuma suka ɓata a aljihun direban. Waɗannan ban taɓa samun kuɗinsu ba.

Kwana uku bayan haka aka kira ni daga hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB. Ita ce da ake kira AIB lokacin da jiragen sama kaɗai take bincike, dokar 2022 ta faɗaɗa ta ta haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Mutum biyu na samu, da littafin rubutu da na'urar ɗaukar murya. Mun yi kusan awa ɗaya da rabi, ba a karɓi ko sisi ba. Tambayoyinsu ƙanana ne amma masu bin diddigi: a wace kujera na zauna, na ɗaura bel ko ban ɗaura ba, an yi mana bayanin ƙofar fita kafin tashi, matuƙi ya zaga filin kafin ya sauka, daidai ina na ji tayoyi sun taɓa ƙasa, na ji ƙarar inji ta canza. Sun ce irin waɗannan ƙananan jirage da yawansu ba su da baƙin akwatin nan mai naɗar bayanai, saboda haka abin da fasinja ya gani da hoton da ya ɗauka suna da daraja. Na tura musu hotunana. Da muka gama na gyara zama na ce, "To yallaɓai, yaushe za a biya mu, kuma wa aka samu da laifi?" Babban cikinsu ya ajiye biro ya yi min bayani a tsanake. Aikinsu, in ji shi, ba ɗora laifi ba ne kuma ba yanke diyya ba ne. Suna bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ce ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ta ce manufar bincike ɗaya ce tak, a gano abin da ya jawo haɗari don kada a maimaita. Rahoton farko ana sa ran fitar da shi cikin kwana 30, na ƙarshe kuma ana ƙoƙarin kada ya wuce wata 12, in ya wuce sai a fitar da bayanin inda aka kwana. Ina miƙewa ƙaramin ya ce min, "Malam, sunanka fa ba shi ne a takardar fasinja ba." Na yi dariya na ba shi labarin zazzaɓin ɗan Alhaji. Ya rubuta. Ni kuwa na fita na manta da zancen.

Na zauna a gida mako biyu ina jiran kiran kamfanin jirgin. Kiran ya zo kuwa, amma ga ɗan Alhaji, suna yi masa ya jiki, suna tambayar a wane asibiti aka duba shi. Shi ya kira ni yana dariya. Ni dariyar ba ta zo min ba, don a nan na gane cewa a wurin kamfanin, da kuma kamfanin inshorarsu, ban shiga jirgin nan ba.

Washegari na tari adaidaita zuwa filin jirgi, hannu a rataye, da niyyar in kai ƙara "wurin hukuma". A tunanina duk wanda ke sanye da kayan aiki a filin jirgi hukuma ɗaya ce. Wuni guda na yi ina koyon bambancinsu, kuma kowa ya saurare ni da mutunci kafin ya nuna min gaba. FAAN ita ke kula da filayen jiragen gwamnatin tarayya, gine-gine da tsaro da titin sauka, ba ruwanta da filin gonar wani. NAMA ita ke da masu ba jirage hanya a sama. NiMet hasashen yanayi take yi. Wadda ke ba kamfanoni da matuƙa lasisi, take kuma sauraron koken fasinja, ita ce NCAA. Jami'ar kare haƙƙin fasinja da na samu a ƙarshe ta ba ni shawarar da da na ji ta tun farko da na rage wahala: in rubuta wa kamfanin takarda, in kai da kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya in riƙe, in ba su amsa ba sai in kawo musu wannan kwafin. Magana ta waya, in ji ta, iska ce.

Daga nan Alhaji ya haɗa ni da lauya. Na zaci zai fara da hannuna, sai ya fara da wata tambayar dabam: "Jirgin nan haya aka ɗauka da takardar biya, ko na wani babban mutum ne aka ba shi kuɗin mai?" Ya ce jiragen ƙasar nan iri biyu ne ta wannan fuskar. Akwai na kamfanin da ke da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, akwai kuma na masu izinin tashi don amfanin kansu kawai, waɗanda doka ba ta yarda su yi haya ba. Wasu suna yi a ɓoye, har a 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu saboda haka. In ka shiga irin wannan ka biya kuɗi aka yi haɗari, kamfanin inshora yana iya cewa ba abin da ya ɗaukar wa nauyi ke nan ba. Allah ya taimake mu akawun Alhaji yana da takardar hayar da shaidar tura kuɗi ta banki, kamfanin kuma mai lasisi ne. Sannan Barista ya gaya min abu biyu da ban taɓa ji ba. Dokar sufurin jiragen sama ta ƙasar nan, wadda aka sabunta a 2022, ta ɗauko tsarin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe suka ƙulla a kan diyyar fasinjojin jirgin sama, har ga tafiye-tafiyen cikin gida, ta kuma tanadi kuɗin somin-taɓi da bai gaza kwatankwacin dala 30,000 ba cikin kwana 30 idan fasinja ya rasu ko ya jikkata. Na biyu, shekara biyu kacal mutum yake da ita ya shigar da ƙara, in ta wuce shi ke nan. Na fara murna da jin dala, ya ce in dakata, duk wannan na fasinja ne, ni kuwa sai mun fara tabbatar da cewa fasinjan ne. Mun yi yarjejeniya a rubuce, naira 50,000 na buɗe fayil, da kashi 10 cikin 100 na abin da aka samu.

Watan da ya biyo baya na tattara takardu ne. Rahoton likita na nema a rubuce, na biya, na karɓa bayan kwana tara, kuma saboda abin da likitan farko ya rubuta a daren nan, rahoton ya fito da kalmar haɗarin jirgi da ranar da abin ya faru. Takardar 'yan sanda ba a Kano ake samunta ba, sai a ofishin da ke kusa da gonar, inda manajan ya kai rahoto. Wannan ta ci kwana biyu da kuɗin mai. Takardar rantsuwa kuwa uku Barista ya ce a yi: tawa cewa ni na shiga, ta ɗan Alhaji cewa bai shiga ba, da ta Alhaji cewa shi ya musanya mu. Na je babbar kotu da ke sakatariyar Audu Baƙo da duka ukun a buge, ina tsammanin zan sa a buga hatimi in dawo, aka ce kowa shi zai zo ya rantse da kansa da katin shaidarsa da ƙaramin hoto. Gaskiyarsu ce. Amma haɗa Alhaji da ɗansa a wuri ɗaya ranar aiki, a tsakiyar lodin kaya, sai da ya ɗauki wani makon. Mafi wuya ita ce shaidar abin da nake samu a wata, don a biya ni asarar zaman da na yi. Mu a kasuwa ba mu da takardar albashi. Wani watan a hannu ake ba ka, wani watan buhun shinkafa ne da kuɗin makarantar yara. Sai da Alhaji ya rubuta wasiƙa a takardar kamfaninsa, na haɗa da bayanan asusuna na banki na wata shida. Abin da ya rufe bakin kowa a ƙarshe abu uku ne: hoton nan nawa da jirgin a baya, mai ɗauke da rana da lokaci, katin asibiti na wannan daren, da wata gajeriyar wasiƙa da matuƙin ya sa wa hannu cewa ni ne na zauna a kujerar bayansa ta hagu.

Ana cikin haka rahoton farko ya fito. Na buga shi a shagon kwamfuta na karanta sau uku, ban ga inda aka ce ga dalili ba. Tsawon fili, lokacin sauka, yanayin iska, awannin matuƙi, inda tayoyi suka fara taɓa ƙasa, iyakarsa ke nan. Sai na kai wa wani dattijo da muke sallah tare, tsohon matuƙi ne da ya yi karatu a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, kowa Baba Kyaftin yake ce masa. Bayan la'asar ya sa tabarau ya karanta, sannan ya tsinci wani kara ya fara zane a ƙasa a ƙofar masallaci.

Ya ce, "Ɗana, ba abu ɗaya ke kayar da jirgi a irin wannan wuri ba, ƙanana ne suke taruwa." Ya ja dogon layi ya ce wannan titin Kano ne, ya haura mita 3,000, kwalta ne, da fitilu, da hasumiya mai gaya maka inda iska ta fito da ƙarfinta. Wanda ya saba da shi, ko ya yi sakaci ya sauka a tsakiya, abin da ya rage ya ishe shi. Ya ja gajere a gefensa ya ce wannan naku ne, bai kai kilomita ɗaya ba, ba mai gaya maka komai. Abin da ke nuna iska a irin wannan fili wata jaka ce kamar ƙafar wando da ake ratayawa a kan sanda, ta ku kuwa rana ta cinye ta, tsumma ya rage. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, don ta rage masa gudu. Ku da iska a bayanku kuka sauka. Ya ba ni misali da littafin Cessna 172, ƙaramin jirgin da ake yawan koyon tuƙi da shi: duk ƙarin iskar baya da ta kai kusan kilomita 4 a awa, ana ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tsawon filin da ake buƙata. Iskar da ba za ta ko ɗaga maka hula ba tana iya sa ka nemi ƙarin rabin fili. Haka in matuƙi ya shigo da gudun da ya ɗara na ƙa'ida da kashi 10, tazarar tsayawarsa takan ƙaru da kusan kashi 21.

Sai ya karkatar da karan ya ce, ga gangara. Filin da ya gangara gaba yana yaudarar ido, matuƙi ya ga kamar ya yi ƙasa da yawa alhali bai yi ba, sai ya ƙara tsayawa sama, ya zo ya wuce inda ya kamata ya dira. Siririn fili kuma akasin haka yake yi, ka ga kamar kana can sama, ka sauko da wuri ka daki ƙasa kafin bakin fili. Ga zafi: in rana ta take iska takan yi sako-sako, agogon gudu yana nuna maka abin da ka saba gani, amma a kan ƙasa jirgin ya fi haka gudu. Da kun tashi da safe kamar yadda aka shirya, da wannan ɗaya ta ragu. Ga jar ƙasa da ta sha ruwa, birki ba ya kama ta. Na ce, "To Baba, me ya kamata ya yi?" Ya ce kafin tashi a kira mai filin a tambaye shi tsawo, da gangara, da ko an yi ruwa. In an isa a zaga ta sama a duba, a ga hayaƙi ko ƙura ko kan bishiyoyi ina suka karkata, a ga ko akwai shanu. Sannan matuƙi ya sa wa ransa alama, wata bishiya ko rumfa, in ya wuce ta tayoyi ba su taɓa ba, ya ba inji wuta ya sake tashi ya zago. Ya ce wannan ba abin kunya ba ne, tun a makaranta ake koyar da shi, amma yana da wuya a zuciyar saurayi in ga manyan mutane a bayansa, ga jama'a a ƙasa suna ɗaga hannu. Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa jiragen sojan Ingila uku da suka zo Kano daga Masar a 1925 ma a filin dawaki suka sauka, ba kwalta ba hasumiya, sai dai su sun san baƙi ne, ba su ɗauki filin da wasa ba. Ya ce kada in kai maganarsa kotu, fahimtarsa ce kawai, a jira rahoton ƙarshe.

A wata na uku kamfanin inshora ya amince ni fasinja ne, ya turo wakili, ya kuma tura ni wurin likitan da suka zaɓa ya sake duba hannun. Maganar somin-taɓin nan an yi ta ja-in-ja a kanta tsakanin Barista da lauyoyinsu, su suna cewa raunina bai kai ba, shi yana cewa doka ba ta faɗi haka ba. Tayinsu na farko ya zo da wata takarda da zan sa wa hannu cewa na karɓi haƙƙina gaba ɗaya, ba ni ba sake neman komai. A lokacin ina matse, ga kuɗin makaranta, na ce zan sa. Barista ya ce, "Malam, an cire siminti jiya-jiya, ko gashin ƙashi ba ka gama ba. In ya zama hannun nan ba zai ƙara ɗaukar buhu ba fa?" Na haƙura ba don raina ya so ba. Na yi gashi na mako takwas, sau biyu a mako, wannan karon kowane rasit da sunana a kai, a cikin leda ɗaya. Likita ya rubuta cewa wuyan hannun ba zai koma lanƙwasa kamar da ba. Da wannan rahoton, da wasiƙar da Barista ya rubuta yana ambatar cewa za mu kai koke NCAA da NAICOM mai kula da kamfanonin inshora, tayin ya canza. A wata na bakwai na sa hannu. Ba zan faɗi adadin ba, amma ya ninka na farko fiye da sau biyu.

Da za a mayar da ni baya, hanyoyi uku zan raba tun ranar farko, in bi kowace da abin da take buƙata. Masu bincike gaskiyar abin da na gani suke so, ba su da kuɗin ba ni. NCAA takardar koke mai hatimi take so. Inshora kuwa hujja take so, da sunana a kan kowace takarda. Ni na haɗa su wuri ɗaya na zauna ina jiran wani ya kira ni. Kuma da ban yi jinkirin zuwa wurin lauya har mako uku ba.

Akwai abin da ba ya cikin fayil. Gidanmu yana ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi su sauka, ƙarar da na tashi da ita tun ina yaro ban taɓa kula da ita ba, amma wata biyu na yi ina farkawa firgigit duk sanda ɗaya ya wuce da dare. Matuƙin ya zo gaishe ni sau ɗaya, da lemo a leda. An dakatar da shi daga tashi, an yi masa gwajin jini da na lafiya, zai sake horo kafin a mayar da shi. Yaro ne, bai kai ni shekaru ba. Bai kare kansa ba, ya dai ce tun da ya ga rumfar nan ta wuce hannunsa yake kan abin ba inji wuta, bai tura ba. Hajiya ta sa aka kawo masa fura, ta ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Bayan girbi Alhaji ya sake samun baƙi, aka ɗauki jirgin wani kamfanin zuwa gonar. Ya ce in ba zan iya ba in bi mota, ba komai. Na ce zan je. A filin jirgi na nemi a nuna min takardar fasinja, ma'aikacin ya yi min wani irin kallo ya miƙo. Sunana yana nan, amma an rubuta sunan mahaifina da kuskuren harafi ɗaya. Na ce sai an gyara an sa hannu a gefe. Alhaji ya duba agogo ya ce, "Kai dai ka cika fitina," amma ya tsaya. Da muka isa, matuƙiyar, mace ce wannan karon, ta wuce filin ta sama ba ta sauka ba, ta karkata ta zago. Ta taga na ga sabuwar jakar iska ja da fari a miƙe, da wani yaro yana korar awaki daga kan jar ƙasar da sanda. Ta sake zagowa ta ɗaya ɓangaren, ta hawa gangarar, tayoyi suka taɓa tun kafin mu kai rumfar kwanon.